Amana biyu da suka koma wa mai su: shari'ar Audrey Walton da hukumar harajin Amurka

Ranar 7 ga Afrilu, 1993, wata mata a Amurka mai suna Audrey Walton ta ɗauki hannun jarin kamfanin Walmart guda 7,223,478 ta raba shi gida biyu daidai wa daida. Kowane kaso guda 3,611,739 ke nan, wanda a farashin ranar ya kama dala miliyan 100 da 'yan canji. Kaso ɗaya ta zuba shi a asusun amana domin 'yarta Ann, ɗayan kuma a wani asusun domin 'yarta Nancy. Wa'adin kowanne shekara biyu. Da wa'adin ya cika aka duba abin da ya rage wa 'ya'yan, sai aka tarar babu ko sisi. Duk abin da uwar ta zuba ya dawo hannunta, bai ma isa ya cika abin da aka rubuta za a biya ta ba.

Idan aka auna asusun nan biyu da abin da aka kafa su dominsa, sun faɗi warwas. Amma a yau da wuya ka sami lauyan da ke tsara wa attajiran Amurka gadonsu wanda bai san su ba, har sunan Walton aka laƙaba wa dabarar, wato hanyar wuce wa 'ya'ya da dukiya ba tare da biyan harajin kyauta ko na gado ba. Audrey ita ce uwar 'ya'yan Bud Walton, ƙanin Sam Walton wanda ya buɗe shagon Walmart na farko a garin Rogers na jihar Arkansas a 1962. Masu kallon ƙwallo kuwa sun san gidan ta wata ƙofar: Ann ita ce matar Stan Kroenke, mai kulob ɗin Arsenal.

Abin da take gudu

A Amurka, idan mai dukiya ya rasu, gwamnatin tarayya ce take fara ɗaukar kasonta kafin magada su taɓa komai. Harajin gado ke nan, kuma yana nan tun 1916. A 1993 dala 600,000 na farko ne kawai ake ɗauke wa mutum. Abin da ya haura haka, harajin yana ta hawa mataki-mataki har ya kai kashi 55 cikin 100. Wanda zai ce to bari ya raba wa 'ya'yansa tun yana da rai, an riga shi tunani: tun 1932 ake karɓar harajin kyauta ba fashi, kuma a 1976 aka haɗe su biyun a kan ma'auni ɗaya. Ka bayar kana raye a cire, ka mutu ka bari a cire. Da Audrey ta miƙa wa 'ya'yanta hannun jarin nan kai tsaye, da sai ta biya harajin da ya haura dala miliyan 100 daga aljihunta.

Dangin Walton ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun 1953, lokacin da dukiyar Sam ba ta wuce 'yan ƙananan shaguna ba, ya kafa kamfanin iyali ya ba kowane ɗaya daga cikin 'ya'yansa huɗu kashi 20 cikin 100, shi da matarsa Helen suka riƙe ragowar 20. Ya kyautar da abin tun yana dashe, ya girma a hannun 'ya'ya. Audrey ba ta da wannan damar, domin a 1993 itacen ya riga ya yi rassa. Abin da ya rage mata shi ne ta riƙe itacen, ta nemi hanyar da sabon tohon da zai yi nan gaba zai faɗa hannun 'ya'yanta ba tare da an kira shi kyauta ba.

A nan asusun amana yake shigowa. Tsari ne mai ƙafa uku: mai dukiya ya fitar da ita daga sunansa, ya damƙa ta ga mai riƙon amana, shi kuma ya juya ta bisa sharuɗɗan da aka rubuta, domin amfanin waɗanda aka ambata a takardar. Akwai irin da mai dukiya zai iya warwarewa duk ranar da ya ga dama. Wannan yana sauƙaƙa wa magada zirga-zirgar kotu bayan rasuwa, amma ba ya rage harajin gado ko kaɗan, saboda hukuma tana ganin abin da kake iya karɓewa gobe naka ne har yau. Akwai kuma irin da ba a warware shi, an sa hannu an gama. Mutane da yawa suna jin an ce “amana tana rage haraji” sai su ɗauka kowace iri ce, alhali ta biyun ce kawai ake nufi, ita ma ba kowace ba. Ta Audrey irin ta biyun ce.

Gyaran da ya buɗe ƙofa

Kafin 1990 akwai wata tsohuwar dabara. Uba zai zuba dukiya a asusun amana ya ce duk ribar da ta haifar na shekara goma tasa ce, bayan nan uwar kuɗin ta zama ta 'ya'ya. Da yake bai ba da komai da komai ba, sai a cire ƙimar ribar da ya riƙe wa kansa, a ɗora masa haraji a kan ragowar kawai. A mafi yawan shekarun 1980 jadawalin hukuma yana ɗauka cewa dukiya tana haifar da kashi 10 cikin 100 duk shekara, don haka kyautar dala 100 da za ta isa hannun ɗa bayan shekara goma ana lissafa ta kamar dala 39. Sai masu wayo suka riƙa zuba kadarorin da ba sa haifar da wata ribar kirki a hannu amma darajarsu tana ta hawa. A takarda uba ya riƙe kaso mai tsoka, a zahiri bai karɓi komai ba, komai ya taru ya wuce wa 'ya'ya.

A 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta ce ya isa. Ta saka sashe na 2702 a dokar haraji, wanda ya ce idan ka yi irin wannan tsari da danginka, abin da ka riƙe wa kanka za a ƙimanta shi a matsayin sifiri, a caje ka haraji a kan dukiyar gaba ɗaya, sai fa idan abin da ka riƙe ƙayyadadden biya ne da dole a ba ka aƙalla sau ɗaya a shekara. Hujjar a fili take. Idan an rubuta cewa za a biya ka dala kaza duk shekara, ko kadara ta haifar ko ba ta haifar ba, babu sauran wasa da lissafi.

Abu biyu ne dokar ba ta faɗa ba: ba ta ce ga iyakar girman biyan ba, ba ta kuma ce ga mafi ƙarancin shekarun da asusun zai yi ba. Wani lauya a birnin New York, Richard Covey, shi ya hango abin da wannan shirun yake nufi. Idan ka ƙara girman biyan har ƙimarsa ta yi daidai da duk abin da ka zuba, to a lissafin hukuma ragowar da 'ya'ya za su samu sifiri ne, kyautar sifiri kuwa ba ta da haraji. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wannan tsari shi lauyoyin can suke kira GRAT.

Yadda lissafin yake tafiya ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan duk sirrin yake. Hukumar tara haraji ta Amurka, wato IRS, tana fitar da wani adadin kuɗin ruwa duk wata, wanda take ɗauka cewa da shi dukiyar da ke cikin asusu za ta riƙa ƙaruwa. Ana samo shi daga ruwan da gwamnati ke biya a kan takardun bashinta masu matsakaicin wa'adi, a ƙara masa kashi ɗaya bisa biyar. A ƙaddara adadin kashi 4 ne cikin 100, wata uwa kuma ta zuba hannun jari na dala miliyan 10 na shekara biyu. Don a tashi a sifiri, sai a rubuta cewa za a mayar mata da kimanin dala miliyan 5.3 a ƙarshen kowace shekara. Yanzu a ce hannun jarin ya riƙa hawa da kashi 20 duk shekara. Ƙarshen shekarar farko asusu yana da miliyan 12, a biya ta 5.3, saura 6.7. Wannan ya hau ya kai miliyan 8 da ɗoriya, a sake biyan ta 5.3, saura kimanin miliyan 2.7. Wannan ragowar ta 'ya'ya ce, ba harajin kyauta, ba harajin gado, saboda tun ranar farko aka ƙimanta kyautar aka rufe littafi.

To idan farashin ya faɗi fa? A ce ya riƙa sauka da kashi 10 duk shekara. Miliyan 10 ta koma 9, a biya ta 5.3, saura 3.7, ta sake raguwa zuwa 3.3, a kwashe duka a ba ta. Asarar da ta yi ita ce dai asarar da za ta yi ko da hannun jarin yana ajiye a sunanta. Abin da ta ƙara kashewa kuɗin lauya ne kawai. Caca ce da idan an ci 'ya'ya su kwashe, idan an faɗi a mayar wa uwa kayanta ta sake jefawa.

Abin da ya faru da na Audrey

Takardun asusunta sun ce za a biya ta kashi 49.35 cikin 100 na ƙimar farko a shekarar farko, da kashi 59.22 a ta biyu. Lambobin ba da ka aka zaɓe su ba. Ƙa'ida ta yarda biyan wata shekara ya ɗara na shekarar da ta gabata da kashi 20 cikin 100 kawai, kuma idan ka lissafa za ka ga 59.22 shi ne 49.35 da ƙarin kashi 20 cif. Amfanin tura babban biya zuwa ƙarshe shi ne dukiya mai yawa ta ƙara jimawa a asusu tana hayayyafa. Jimilla dai kowane asusu zai mayar mata da dala miliyan 108 da rabi a kan miliyan 100 da ta zuba. An kuma rubuta cewa idan ta rasu kafin shekara biyun su cika, sauran biyan zai shiga cikin dukiyar da ta bari.

Sai kasuwa ta ƙi. Hannun jarin Walmart, wanda ya shafe shekaru yana ninka kansa, ya zaɓi daidai wannan lokacin ya kwanta. Ribar da kamfani ke rabawa ba ta taka kara ta karya ba, don haka aka riƙa biyan Audrey da hannun jarin kansa, kuma da yake farashi bai hau ba sai da aka kwashe shi tas. Zuwa watan Yunin 1995 asusun biyu sun zama fanko. Abin takaicin, daga farkon 1997 zuwa ƙarshen 1999 farashin ya ninka fiye da sau biyar. Da ta yi jinkirin shekara huɗu, da wani labarin ake yi.

Mai karatu zai ce tunda 'ya'ya ba su sami komai ba ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin harajin kyauta ranar da aka yi kyautar ake auna shi, ba ranar da ta isa hannu ba. Wannan ƙa'idar da ke sa GRAT ya yi aiki idan kasuwa ta hau, ita ce ta juyo kan Audrey. A takardar harajinta ta 1993 ta rubuta cewa kyautar sifiri ce, daga baya ta amince cewa akwai ɗan kuskuren lissafi, kowane asusu ya kama dala 6,195. Ita kuwa IRS ta ce kyautar da ke cikin kowane asusu ta haura dala miliyan 3.8, ta aiko mata da takardar neman harajin kimanin dala miliyan 4.5 a kan kyautar da ba wanda ya karɓa.

Daga ina miliyan 3.8 ta fito? Daga wani misali guda a cikin ƙa'idojin da ma'aikatar kuɗi ta rubuta don fayyace sashe na 2702, wanda aka fi sani da Misali na 5. Misalin ya raba biyan gida biyu. Akwai wanda mai dukiya za ta karɓa da hannunta idan tana raye, wannan an yarda a cire shi. Akwai kuma wanda zai shiga dukiyar gadonta idan ta rasu a tsakani, wannan aka ce ba a lissafa shi cikin abin da ta riƙe. Tunda kowane ɗan Adam yana iya mutuwa cikin shekara biyu, sai a ɗauko jadawalin tsawon rai a ƙimanta yiwuwar hakan, abin da ya fito a kira shi kyauta. Ta wannan hanya babu GRAT ɗin da zai taɓa sauka sifiri, kuma gwargwadon tsufan mai dukiya gwargwadon girman harajinta.

Audrey ta kai ƙara Kotun Haraji ta Amurka. Ranar 22 ga Disamba, 2000, kotun ta ba ta gaskiya, ta ce Misali na 5 fassara ce da ta kauce wa dokar, ta soke shi. Hujjarta ba ta da wuyar bi. Mutum ba ya yi wa kansa kyauta, kuma dukiyar da zai bari bayan ransa ba wani mutum daban ba ce, ba cinya ba ƙafar baya. Ko Audrey ta rayu ko ta rasu, adadin da zai fita daga asusu bai canza ba, abin da zai rage wa 'ya'ya ma bai canza ba. Abin da Majalisa ta so ta hana shi ne a riƙe wani abu mai wuyar ƙimantawa a kumbura shi a takarda, biyan da aka ƙayyade adadinsa da shekarunsa kuwa ba shi da wannan aibin.

A ganina kotu ta yi daidai, ko da mutum bai ji daɗin abin da ya biyo baya ba. Masu rubuta ƙa'idojin sun hango ramin da ke cikin dokar, suka nemi su toshe shi da wani misali a ƙasan shafi, alhali toshe shi aikin Majalisa ne. Kuma kuɗin da zai shiga dukiyar mamaciya ai harajin gado yana jiran sa a can. A kira shi kyauta a yau, a sake kiran sa gado gobe, wannan cin tudu biyu ne. IRS ba ta ɗaukaka ƙara ba. A 2003 ta sanar cewa ta karɓi hukuncin, a 2005 aka gyara misalin ya dace da shi.

Kura da shan bugu

Audrey ta tsira da dala miliyan 4.5, 'ya'yanta ba su ƙaru da komai ba ta wannan hanya. Waɗanda suka kwashi garaɓasar wasu ne. Takardun da Facebook ya fitar lokacin shiga kasuwar hannun jari a 2012 sun nuna cewa Mark Zuckerberg da Dustin Moskovitz, biyu daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri kamfanin, sun kafa irin wannan asusu tun 2008, lokacin da hannun jarin kamfanin bai kai ko kusa da inda ya je ba. A 2013 kamfanin labarai na Bloomberg ya ba da rahoton cewa Sheldon Adelson, attajirin gidajen caca na Las Vegas, ya wuce wa magadansa da aƙalla dala biliyan 7.9 ta asusun amana sama da 30, ya kauce wa harajin kimanin biliyan 2.8 ba tare da karya doka ba. A rahoton dai Covey da kansa ya ƙiyasta cewa dabarar ta hana baitulmalin Amurka sama da dala biliyan 100 tun 2000.

Darasin da lauyoyi suka ɗauka daga faɗuwar Audrey shi ne kada a jefa sau ɗaya a tsaya. Yanzu abin da ake yi, duk biyan da ya dawo wa mai dukiya sai a sake zuba shi a sabon asusu na shekara biyu, a yi ta yi. Ba a kuma cakuɗa kadarori iri-iri a asusu guda, don kada faɗuwar wata ta cinye ribar wata. Wanda ya ci ya ci, wanda ya faɗi an manta da shi. Kuɗin ruwan hukuma ma ya taimaka: a wasu watannin 2020 ya sauka har kashi 0.4 cikin 100, ma'ana kusan duk ƙaruwar da aka samu ta 'ya'ya ce. A ƙarshen 2023 ya haura kashi 5, katangar ta ɗan yi tsawo. Akwai wani ƙarin alherin da ba a cika lura da shi ba. Harajin ribar da asusu ya samu mai dukiya ce take biya daga aljihunta, kuma tun 2004 IRS ta tabbatar cewa wannan biyan ba a lissafa shi a matsayin wata sabuwar kyauta.

Tsarin yana da inda yake ciwo. Idan mai dukiya ta rasu kafin wa'adi ya cika, dukiyar tana komawa cikin gadonta a yi mata haraji kamar ba a yi komai ba, shi ya sa ake son gajeren wa'adi. Abin da 'ya'ya suka samu ta GRAT yana zuwa musu da tsohon farashin da uwar ta saya, don haka ranar da suka sayar za su biya harajin riba tun daga can, alhali abin da aka gada bayan mutuwa ana sabunta masa farashi zuwa na ranar rasuwa. Bai kuma dace da wanda yake son ya tsallake 'ya'ya ya ba jikoki ba, saboda akwai wani harajin daban da ke tsare wannan hanyar. Sannan mafi yawan Amurkawa ba su da abin yi da shi sam. Harajin gado yanzu kashi 40 ne cikin 100, kuma abin da ake ɗauke wa mutum guda ya kai dala miliyan 13.99 a 2025. Wanda dukiyarsa ba ta kai nan ba, idan ya kafa GRAT lauya kawai ya yi wa aiki.

An yi yunƙurin toshe ramin. Gwamnatin Barack Obama ta sha saka shawara a kasafin kuɗinta cewa kada wa'adin GRAT ya gaza shekara goma, don haɗarin mutuwa a tsakani ya zama na gaske, kuma kada a yarda kyautar ta sauka sifiri. A 2010 Majalisar Wakilai ta amince da sharaɗin shekara goman, amma bai tsallake Majalisar Dattawa ba. Gwamnatin Joe Biden ta sake kawo shawarar, ita ma ba ta zama doka ba. Lauyoyi da yawa har yanzu shekara biyu suke rubutawa, da biya na biyu da ya ɗara na farko da kashi 20 cif, yadda aka rubuta wa Audrey a watan Afrilun 1993.